Yoyon Baƙin Mai A Tsohon Babur: A Nemo Mafari Kafin A Ɗauki Sufana

 Yau ina so mu ɗan jingine zancen farashi da la'ada, mu taɓa abin hawan da yake kai mu inda shanun suke. Kowa ya sani a nan Malanville mota tana ƙarewa ne a bakin kwalta. Daga nan in kana son ka ga bijimi a rugarsa kafin ya iso kasuwar Guéné farashinsa ya tashi, ko ka leƙa ƙauyukan bakin kogi ta wajen Karimama, to sai babur. Da yawa cikinmu kuma tsofaffin babura muke hawa, waɗansu ma sun girmi 'ya'yanmu. Cutar da ta fi kashe irin waɗannan babura kuwa ita ce yoyon baƙin mai, wanda muke rainawa muna cewa ai ɗan gumi ne.

Ni kaina na sha wuyar wannan raini. Ina da tsohuwar Honda CG da na gada wajen baffana. Wata shekara da kaka ta fara jiƙewa ta ko'ina, na kai ta wajen wani makanike ya canja fakin gefe, bayan mako guda ta dawo da yoyo, ya sake canja wani, har sau uku. Da na gaji sai na koma ƙara mai kawai in na tuna. Ran nan aka aiko mini cewa akwai bajimai huɗu a wata ruga gaba da Karimama, mai su yana bukatar kuɗi da gaggawa. Na ɗaura kuɗin a ƙugu na kama hanya. Ban kai rabi ba na ji injin ya canja murya, kafin in ankara ya cije ƙam. Haka na tura babur cikin yashi har magariba, ga kuɗin mutane a jikina, ga daji. Kashegari da na isa an riga an sayar da shanun. Da wani dattijon makanike ya duba, abin da ya samu shi ne zanzaro ya yi ɗaki cikin ɗan tiyon da inji ke numfashi da shi, ya toshe shi da laka. Tsinke guda ya isa ya magance abin da ya ci mini fistan da zobe da cinikin shanu huɗu.

To, daga ranar na riƙe ka'ida guda: inda mai yake ɗiga daban, inda yake fitowa daban. Sai ka bi sawu har mafari, kamar yadda kake bin sawun saniyar da ta ɓalle daga garke.

ME YA SA ƊAN YOYO YAKE DA HAƊARI

Injin CG 125 kamfanin Honda ya fito da shi a 1975, kuma da gangan aka ƙera shi domin ƙasashe irin namu, inda ake labta wa babur kaya, ana bin ƙura, ba a kuma cika juye mai a kan lokaci ba. Shi ya sa yake da haƙuri, shi ya sa kuma kamfanonin Sin suka kwaikwayi injin suka cika kasuwanninmu da irinsa. Amma duk haƙurinsa, man da cikinsa ke ɗauka wajen lita 1 ne kawai. Ƙananan masu kwantaccen inji, wato su Honda C50 da C70 da C90 da masu kama da su, nasu ma bai kai lita ba. Wannan ɗan man shi ke shafe fistan, shi ke shafe giya da kuloci, shi ne kuma ke taimaka wa iska wajen sanyaya inji, tun da babu ruwa a cikinsa. Motar da ke ɗaukar lita 4 ko 5 in ta zubar da kofin shayi biyu ba za ta ji ba. Babur kuwa in ya zubar da haka ya rasa babban kaso na abin da yake rayuwa da shi. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu, da mutum biyu a kai, da tafiyar giya ta biyu cikin yashi, ka ga ba sai an yi nisa ba.

Haɗari na biyu shi ne man da ke fita ta wajen sarƙa yakan bi iska ya sauka a tayar baya. A kan kwaltar Kandi, tsakanin manyan motoci, tayar da ta sha mai ba ta jin burki.

DA FARKO A TABBATA MENE NE KE ZUBA

Ba duk jiƙewa ce yoyon inji ba. Ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin babur ya kwana. Da safe ka duba. Fetur yana da wari, yana kuma bushewa ya bar tabo kawai, wannan daga kafireto ne ko tiyon tanki. Man da ke gangarowa a ƙafafun gaba na cikin shokoba ne, ba ruwan inji. Wanda ya yi baƙi ƙirin ya yi kauri a bayan murfin sarƙa sau da yawa man da kake shafa wa sarƙa ne ya haɗu da ƙura, ya ji zafi ya narke.

Masu babur mai hayaƙi, irin su Yamaha Mate da YB100 da Suzuki A100, ku lura: man da ke ɗiga a bakin salansa ba yoyo ba ne, ragowar man 2T ne da bai ƙone ba. Wannan ɗabi'arsu ce.

Akwai kuma wani abu da muka gani da idonmu. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, mutane sun koma sa babura cikin kwalekwale. Babur ɗin da aka kwantar ko aka jingine shi sosai, mai yakan bi tiyon numfashi ya fito, wani lokaci ya taru a gidan soson iska. Mai shi ya ga ɗiga ya ruga wajen makanike a buɗe inji a banza. Irin wannan gogewa kawai yake so, a wanke soso, a duba awo. Amma in ka ga man ciki ya yi fari-fari kamar an zuba nono, ruwa ya shiga, a juye shi nan take kafin a tayar.

YADDA AKE BIN SAWUN YOYO

Ba wanda ke sayen saniya da ta kwanta cikin taɓo sai an tashe ta an ga jikinta. Haka inji. Ka bari ya huce, ka sami kananzir da tsohon buroshi ka wanke shi tas, daga kai har ƙasa, har tsakanin haƙarƙarin silinda. Kada a yi da fetur, balle kusa da mai shayi ko mai gasa nama. Ka bi da ruwan omo, kana kiyaye kafireto da wayoyin wuta, ka bar shi a rana ya bushe.

Sa'an nan ka samo toka mai laushi wadda aka tankaɗe, ko hoda, ka barbaɗa a duk inda ƙarfe biyu suka haɗu da duk inda wani ƙarfe ya fito daga cikin inji. Ka tayar ya yi kamar minti goma, ko ka ɗan zagaya unguwa a hankali. Ka dawo ka kafa shi a kan tsayuwar tsakiya, ka durƙusa ka duba da fitila. Inda toka ta fara yin duhu, nan ne. Ka fara duba daga sama zuwa ƙasa, daga gaba zuwa baya, domin mai ƙasa yake gangarawa, iska kuma baya take kora shi. Wurin da ya fi kowane tsawo cikin wuraren da suka jiƙe, shi ne ɓarawon. In ba ka ga komai ba, ka yi tafiya mai ɗan nisa ka sake dubawa, don wani yoyon sai inji ya yi zafi sosai.

Kafin ka taɓa kowane noti, abu biyu za ka duba, domin su ne ke sa lafiyayyen inji yoyo. Na ɗaya awon mai. A babura irin na Honda ana tsayar da babur daidai, a goge ma'aunin, a ɗora shi a bakin ramin ba tare da an murɗa ba, a cire a duba. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu. Waɗansunmu in za su yi doguwar tafiya sai su cika shi har baki wai don tsaro. Man da ya yi yawa hanyar fita zai nema. Na biyu tiyon numfashi. Duk sanda fistan ya sauko iska na matsuwa a cikin inji, kuma wannan ɗan tiyo da ke fitowa daga saman bayan inji ya leƙa ƙasa shi ne ƙofarta. In laka ta fadamar Sota ta toshe shi, ko zanzaro, ko ya lanƙwashe, iskar za ta tura mai ta duk inda ta ga rauni. Ka cire shi ka hura. In inji ya fara jiƙewa ta wurare uku huɗu a lokaci guda, kusan kullum nan matsalar take. In kuwa tiyon a buɗe yake amma yana feso hayaƙi da mai da ƙarfi, salansa kuma na fitar da shuɗin hayaƙi, to zoben fistan ya cinye, sabon fakin ba zai yi komai ba sai an yi aikin zobe.

WURAREN DA AKA FI SAMU, DA MAGANINSU

Notin juye mai. Shi ne na farko a yawa. A wuyansa akwai 'yar wosha ta alminiyam ko ta jan ƙarfe wadda ke lotsewa ta rufe kafa. In aka yi ta mayar da ita sai ta taurare ta daina riƙewa. Yaron makanike kuma sai ya ƙara ƙarfi, har ya taka sufana da ƙafa. Notin na ƙarfe ne, jikin inji alminiyam ne, don haka zaren jikin injin ne zai tafi. Magani sabuwar wosha, kuɗinta bai kai na kofin shayi ba. In ta jan ƙarfe ce kuma ba wata, a gasa ta a garwashi ta yi ja, ta huce, za ta yi laushi ta sake aiki. In zare ya riga ya mutu, kada a yarda da naɗa leda ko zaren buhu. A kai wa mai injin yanka ƙarfe ya yanka sabon zare ya sa noti mai ɗan girma. Notin da ya faɗo a hanya cikin minti kaɗan yake zubar da man duka.

Murfin kan inji. A CG fakin roba ne ke nan, zafi kan busar da shi ya tsage. A ƙanana masu kwantaccen inji kuwa 'yan murafun bawul ne masu zoben roba. Wannan aiki ne mai sauƙi, kowa zai iya da kansa. Mai daga nan yakan gangaro ya jiƙe silinda duka, har a ɗauka babban fakin kai ne ya ƙone. Shi ya sa muka ce a fara duba sama.

Fakin gefe, wato na murfin kuloci. Shi ne abin da 'yan Najeriya ke ce wa fakin, makanikanmu masu Faransanci su ce juwan. A juye mai tukuna. Notocin murfin tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka ka zana siffar murfin a kwali, ka soka kowane noti a mazauninsa. Dogon da aka sa a gurbin gajere yakan fasa jikin inji. A kankare tsohon fakin tas ba tare da an karce ƙarfen ba, kada kuma a ɓamɓare murfi da sukundireba, don tabon da zai bari shi ne yoyon gobe. In ana shakkar murfin ya karkace, a ɗora takardar yashi mai laushi a kan gilashi a goga shi a hankali har fuskar ta daidaita. Wajen ɗaurewa a bi gicciye, wannan sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan har zagaye biyu ko uku.

A nan ina da jan kunne game da jan gam ɗin nan da ake matsawa. Makanikai da yawa sun mai da shi kamar man shanu a tuwo. Abin da ka ga ya tsatso waje, irinsa ya tsatso ciki. Zai gutsure ya toshe rariyar mai, ko 'yar hanyar da mai ke bi ya hau kan inji, wadda ba ta fi tsinken tsintsiya da yawa ba. Ka tsayar da yoyo ka kashe inji. Fakin kirki a fuska mai kyau ba ya bukatar gam, in ma za a sa, shafa ce ƙalilan.

Oyal sil. Waɗannan zobban roba ne masu ɗan waya a ciki, suna zaune inda ƙarfe mai juyawa ya fito daga inji: sandar giya, sandar kik, da bayan ƙaramin haƙorin sarƙa na gaba. Na bayan haƙorin sarƙa shi ya fi damun mu 'yan kara, saboda dalili biyu. Kasuwar shanu cike take da guntayen igiya da leda, suna naɗewa a sandar su yanke robar. Sa'an nan muna ɗaure sarƙa tamau alhali babur ba kaya, in aka hau mutum biyu da buhun dusa sai ta ƙara ɗamewa ta riƙa jan sandar. A bar wa sarƙa sassauci kamar santimita 2. Wajen saye ka tafi da tsohon a hannu. A jikinsa akwai lambobi uku: faɗin ramin ciki, faɗin waje, da kauri, duk da milimita. A nemi mai lambar daidai, ban da "ai kusan ɗaya ne". Wajen sawa gefen da wayar take shi ke kallon cikin inji. A shafa masa mai, a rufe haƙoran sandar da leda don kada su yanke shi, a buga shi a hankali da guntun bututu mai faɗinsa har ya zauna daidai. Amma kafin nan ka kama sandar ka girgiza. In tana motsi sama da ƙasa, boris ɗin ciki ya tafi, sabon sil ba zai yi wata guda ba.

Fakin gindin silinda da na kai. In gumi ne kawai da ke kama ƙura, ba ya ɗiga, awo kuma ba ya sauka, ana iya tafiya da shi ana lura. In yana ɗiga, ko kana jin iska na fita fit-fit a haɗin kai, wannan aikin gwani ne. A canja su tare, har da 'yan zobban robar da ke wurin, kuma in an buɗe a duba zoben fistan gaba ɗaya don kada a biya kuɗin aiki sau biyu.

NA MASU HAYAƘI

Su mai biyu suke da shi: na giya a cikin inji, da na 2T a ɗan tankinsa, wanda famfo ke turawa. In tiyon 2T ya tsage, haɗarin ya wuce asarar mai, domin iska za ta shiga layin, fistan ya bushe. Bayan an canja tiyo lallai a fitar da iskar ta ɗan notin da ke jikin famfon kafin a hau. In kuma man giya na raguwa ba ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, hayaƙi ya yi yawa, fulogi na yawan jiƙewa, to sil ɗin ƙaranshaf na gefen kuloci ne ya mutu, inji na shanye man yana ƙonawa.

IN ABIN YA SAME KA A DAJI

Kada ka fita ba rabin lita na mai, da sufana mai lamba 10, da gam mai haɗi biyu, da tsumma. In dutse ya fasa ƙasan inji, ka kwantar da babur yadda mai zai janye daga wurin, ka goge da fetur kaɗan ya bushe, ka kwaɓa gam ka liƙa, ka ba shi lokaci ya ƙame. In fakin gefe ya yage, kwalin sukari da aka yanka daidai aka shafa wa mai zai kai ka gari. Ban da fakin kai, can wuta ce. Ka riƙa tsayawa kana duba awo. In ka ji ƙara ta canja ko ƙarfi ya ragu, kashe inji nan take. Gara ka biya mai amalanke da ka sayi ƙaranshaf.

Game da man kansa, ku sayi na cikin galan ko gwangwani mai hatimi, 20W-50 ko lamba 40, in an sami mai alamar JASO MA ya fi, don shi aka yi wa babur mai kuloci cikin mai. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba ka san asalinsa ba. Ni a ƙurarmu ba na wuce kilomita 1,000 ban juye ba, wato kamar zuwa Kandi da dawowa sau biyar, kuma duk juyewa sai an wanke rariya.

Tsohon man da aka juye kuma a kiyaye shi. Kada a zubar kusa da rijiya ko mashayar dabbobi ko bakin kogi. Na ga masu shafa shi a gyambon saniya ko don kaska. Ku bari. Cike yake da dattin ƙarfe da guba, dabba na lashewa, naman kuma mutane za su ci. A nemi malamin dabbobi.

Shawarata ta ƙarshe, in ka kai babur wajen makanike ka ga ya ɗauki sufana bai wanke inji ba, ka ce masa, "Malam, dakata, nuna mini inda yake fitowa tukuna." Na kirki ba zai ji haushi ba. Kuma kowace safiya kafin ka ɗaura kuɗi a ƙugu, ka leƙa ƙasan babur, ka zaro ma'auni ka duba. Ba ya cin minti guda.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.